Wasiyyar Ido da Mutuncin Mamaci

Ranar 7 ga Disamba, 1905, a asibitin garin Olomouc, wanda a wancan zamani yake ƙarƙashin daular Ostiriya, yau kuma yake cikin Jamhuriyar Cek, wani likitan ido haifaffen birnin Biyana mai suna Eduard Zirm ya yi nasara a aikin da ya daɗe yana gagarar likitoci. An kawo masa wani leburan gona, Alois Glogar, ɗan shekara 45, wanda farar ƙasa mai ƙuna ta fantsar masa a fuska, ta bar masa hakiya a ido biyu. Abin da ya lalace a idon shi ne fatar nan siririya mai garau da ke rufe da baƙin ido, wadda haske ke ratsawa kafin ya isa ciki, wadda likitoci ke kira koniya. A daidai lokacin akwai wani yaro ɗan shekara 11, Karl Brauer, da ƙarfe ya shige masa ido, har ta kai babu makawa sai an cire idon. Zirm ya yanko 'yan guntaye biyu zagayayyu masu faɗin milimita 5 daga koniyar idon da aka cire, ya dasa wa Glogar ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Na dama bai kama ba. Na hagu ya kama, ya zauna garau, har mutumin ya koma yana taɓa 'yan ayyukansa na gona.

An haifi Zirm a 1863, ya yi karatu a Jami'ar Biyana a zamanin da take cikin manyan cibiyoyin ilimin ido na duniya, ya koma Olomouc a 1892 ya shugabanci sashen ido, a can kuma ya rasu a 1944. Ya yi wannan aiki babu madubin tiyata mai ƙara girman abu, babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin waɗanda muke da su yanzu. Kafin shi an gwada dasa wa mutane koniyar alade da ta zomo, amma galibinsu suka dushe. Nasararsa ta tabbatar da cewa idon mutum na mutum yake karɓa. To amma irin yaron da lalura ta sa aka cire masa ido, koniyarsa kuma tana da lafiya, ba kullum ake samunsa ba. Sai a shekarun 1930 Vladimir Filatov na birnin Odessa ya nuna cewa koniyar wanda bai daɗe da rasuwa ba ma tana kamawa, a 1944 kuma aka buɗe ma'ajiyar ido ta farko a New York. Daga nan magana ta wuce ɗakin tiyata ta iso zauren malam, domin yanzu ganin makaho ya rataya ne a kan abin da za a ɗauka daga jikin mamaci.

Kano ba baƙuwar maganin ido ba ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubutu a kan cututtukan ido da magungunansu, alamar cewa malaman ƙasar Hausa sun ɗauki abin a matsayin ilimin da ya cancanci tawadarsu. Asibitin ido na ECWA, wanda Dokta Douglas Hursh ya buɗe a 1943, ya fi shekara tamanin yana karɓar masu ciwon ido daga Arewa da maƙwabtan ƙasashe, ga asibitin ido na Makka, ga sassan ido na asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala. Duk da haka aiki na nan jibge. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato fiye da mutum miliyan ɗaya, kuma kashi 84 na wannan makanta ana iya kauce mata ko a magance ta. Yanar ido ce ta ɗauki kashi 43, tabon koniya kuma kusan kashi 8. Mai yana ana cire masa ita a saka masa ƙwayar roba da masana'anta ke ƙerawa. Mai hakiya kuwa, wadda ƙyanda ko ƙaya ko karan gero ko maganin da aka ɗiga masa a gida ya jawo, sai an samu mutumin da ya bar masa koniyarsa. Wani bincike na duniya da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa a cikin mutum 70 masu bukatar koniya, ɗaya ne kawai ke samu. Akwai ma'ajiyar ido a Legas, amma masu bayarwa a ƙasar nan ba su taka kara sun karya ba.

A unguwa irin Nassarawa GRA, inda asibitin Muhammad Abdullahi Wase yake, inda kuma likitoci da alƙalai da 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikatan gwamnati ke zaune, tafiya Indiya ko Masar neman lafiya abu ne da aka saba da shi. Duk wanda aka yi wa dashen koniya a can, ko aka yi masa a nan da wadda aka yi odarta, da idon wani mamaci yake gani, mamacin da shi ko danginsa suka yarda a ɗauka. Ƙasar Siri Lanka, tun da Dokta Hudson Silva ya kafa ƙungiyar bayar da ido a 1961, ta aika da dubban koniya zuwa ƙasashen waje, har da na Musulmi. Abin da nake son kafawa shi ne, barin izinin a ɗauki koniya bayan rasuwa, bisa sharuɗɗa, bai ci karo da mutuncin mamaci ba, aikin alheri ne, kuma al'ummar da ta halatta wa kanta karɓa ba ta da hujjar ƙyamar bayarwa. Ban ƙago wannan matsayi ba. Muftin Masar Shaihu Hassan Ma'amun ya yi fatawar halaccinsa a 1959, Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta bi sahu a 1978, sannan Cibiyar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar wata gaɓa daga mamaci idan rayuwar mai rai ko wani muhimmin aiki na jikinsa ya dogara da ita, da sharaɗin izinin mamacin tun yana raye ko na magadansa, kuma ban da ciniki. Ƙudurin ya ma ambaci ɗaukar koniya daga idon da aka cire saboda cuta, wato ainihin abin da Zirm ya yi shekara 83 kafin nan.

Sai dai jera fatawoyi ba ya kwantar da zuciyar mai shakka, kuma masu shakkar suna da malamansu. Shaihu Muhammad Mutawalli Sha'arawi na Masar yana cikin fitattun waɗanda suka ƙi amincewa da bayar da sassan jiki, hujjarsa kuwa ita ce jiki mallakar Allah ne, mutum ajiya aka ba shi, kuma ba a kyauta da abin da ba a mallaka ba. Gaskiya ne jiki na Allah ne. To, dukiya ma tasa ce, ilimi ma nasa ne, amma bai hana mu sadaka da su ba. Abin da ake nema ga mai riƙe da amana shi ne ya sarrafa ta yadda Mai ita yake so. Shari'a kuma ta ba mutum haƙƙi a kan jikinsa ko da bai mallake shi ba. Shi ya sa likita ba ya yanka mai hankali sai da yardarsa, shi ya sa wanda aka yi wa rauni yake da ikon neman ramuwa, ko karɓar diyya, ko yafewa. A aikace ma mun riga mun amsa wannan tambaya. Kullum a asibitocin Kano ana kiran 'yan'uwa su ba da jini, tun 2002 kuma ake dashen ƙoda a asibitin Malam Aminu Kano, ɗan'uwa ya ba ɗan'uwa tasa yana raye, da duk haɗarin da ke tattare da tiyata. Idan hujjar amana ba ta hana mai rai ya ba da ƙodar da yake amfani da ita ba, da wuya a ga yadda za ta hana shi barin izini a kan fatar da ƙasa za ta cinye cikin 'yan kwanaki.

Hujja ta biyu ta fi taɓa zuciya, wato alfarmar gawa. Abu Dawuda ya ruwaito hadisi daga Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, wanda ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai, kuma Musulunci ya hana yi wa gawa gunduwa-gunduwa ko da ta abokin gaba ce a fagen fama. A duba ma'aunin da hadisin ya kafa: mamaci daidai yake da mai rai a alfarma. Mai rai, idan azzalumi ya karya masa ƙashi, an zalunce shi. Idan likita ya yanka ƙashin nan da izininsa don wata maslaha, babu mai kiran wannan ta'adi. Niyya da izini da manufa su ne suka raba aikin biyu, kuma babu dalilin da zai sa wannan rabewa ta faɗi da zarar rai ya fita. Mazhabarmu ta Malikiyya tana da tsanani a kan taɓa jikin ɗan Adam, wannan ba a musunsa. Amma a babin jana'iza na Mukhtasar na Shehu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan birnin nan, an ba da damar tsaga cikin mamacin da ya haɗiye dukiya mai yawa don a fito da ita, Sahnunu kuma, ɗaya daga cikin malaman mazhabar, ya tafi a kan a tsaga cikin matar da ta rasu idan ana sa ran ceto jaririn da ke ciki. Ashe magabata sun auna alfarmar gawa da haƙƙin masu rai, wani lokaci kuma haƙƙin masu rai ya rinjaya. Wanda ya yarda a tsaga ciki saboda zinariya zai sha wuyar bayyana dalilin da ya sa ganin ɗan Adam bai kai zinariya daraja ba. Ga shi kuma aikin bai kai yadda ake tsammani ba. A tsarin da ma'ajiyoyi da yawa ke bi yanzu, koniyar ce kawai ake ɗauka da ɗan gefenta, a rufe gurbin, fatar ido ta koma yadda take. Bai fi rabin awa ba, kuma ana son yin sa cikin awowin farko bayan rasuwa, don haka ba zai jinkirta wanka da sallah da kai mamaci makwancinsa ba.

Akwai kuma tsoron da ba kasafai ake furta shi a gaban malamai ba, amma yana nan a zukata: kada mutum ya tashi ranar alƙiyama babu ido. Wannan tsoro ya manta da wanda zai yi tayarwar. Wanda ya nutse a kogi kifi ya cinye shi, da wanda gobara ta ƙone, da wanda ya shekara dubu a kushewa, duk Allah zai mayar da su cikakku, kuma idon kowane mamaci yana cikin abubuwan da ke fara narkewa a kabari, an ɗauki koniyarsa ko ba a ɗauka ba. Sayyidina Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya rasa hannayensa biyu a yaƙin Mu'uta, abin da aka sanar da al'umma game da shi kuwa shi ne an musanya masa da mafi alheri. Makantar lahira da Alƙur'ani ya yi gargaɗi a kanta a Suratu Ɗaha, an ɗaura ta ne a kan juya wa ambaton Allah baya. Wasu kuma kan ce, to idan wanda aka dasa wa ya je ya kalli haram fa? Ƙa'idar addini a bayyane take cewa wani ba ya ɗaukar zunubin wani. Mai ba da jini ba a tambayarsa abin da wanda aka ƙara wa ya aikata da ƙarfin da ya samu. Mai kallo shi ne mai niyya, shi za a tambaya, shi kuwa mai bayarwa yana da ladan abin da ya nufa.

Wata hujjar ta fito ne daga wuri mai kyau, wato yarda da ƙaddara. Makanta jarrabawa ce, kuma Buhari ya ruwaito alkawarin Aljanna ga wanda ya rasa idanunsa ya yi haƙuri. Musulunci ya ɗaukaka makaho: saboda Abdullahi ɗan Ummu Maktum aka saukar da farkon Suratu Abasa, ya yi ladanci, an sha barinsa ya jagoranci sallah a Madina. Ƙasar Hausa ma ta ba makafi sarautarsu, ta kuma ga mahaddata da malamai da mawaƙa da yawa a cikinsu. Babu wanda ke cewa makaho ragaggen mutum ne. Amma alkawarin lada an yi shi ne ga wanda abin ya sama, ba a yi shi don mai ido ya naɗe hannu ba. Maraya ma yana da lada a kan haƙurinsa, wannan bai sauke mana nauyin riƙonsa ba. Alƙur'ani ya lissafa warkar da wanda aka haifa makaho cikin ayoyin da aka ba Annabi Isa, ya kuma ba da labarin dawowar ganin Annabi Yaƙubu a matsayin ni'ima bayan doguwar jarrabawa. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba, ya fahimtar da Abu Ubaida cewa juyawar ma cikin ƙaddara take. Hakiya ƙaddara ce, hannun likita ma ƙaddara ne, izinin da wani bawan Allah ya bari ma ƙaddara ne. Wanda ya zaɓi ya zauna da makantarsa yana neman lada, zaɓinsa ne. Abin da bai dace ba shi ne mu masu gani mu zaɓar masa.

Hujjar da ta fi kowace nauyi a wurina ita ce ta rashin yarda, domin a kan abin da mutane suka gani aka gina ta. Muna zaune a ƙasar da ake jin labarin matsafa masu tone kabari da masu safarar sassan jiki. Kano kuma ba ta manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a 1996 ba, wanda yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙin rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Talakan da ya ji an ce a taɓa idon mahaifinsa yana da haƙƙin ya tambaya: wa zai ɗauka, ina za a kai, wa za a dasa wa, shin ba za a sayar wa mai kuɗi ba? Waɗannan tambayoyi ba da wa'azi ake amsa su ba, sai da tsari. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jikin mutum, ta kuma amince mutum ya bar izinin bayarwa, wanda ya yi daidai da sharuɗɗan malaman Jidda. Abin da ya rage shi ne ma'ajiyar da za a san masu kula da ita, rajistar masu jira da za a bi bisa bukata, malamai da wakilan masarauta a kwamitin sa ido, da hukunci mai tsanani ga duk wanda ya ci amana. Tarihin shan inna ya nuna cewa ana iya dawo da yarda: da sarakuna da malamai suka shiga gaba, iyaye sun fito da 'ya'yansu, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a 2020. Iran, wadda ta kafa babbar ma'ajiyar idonta a 1988, tana biyan bukatarta da koniyar mutanenta, Habasha kuma ta buɗe tata a Addis Ababa a 2003. Abin da ya yiwu a can ba zai gagari Kano ba.

Likitoci ma suna da nasu ƙorafin, kuma ya kamata a saurare shi. Ba kowace hakiya ce dashe ke gyarawa ba. Idon da amosani ya daɗe yana ci har gashin ido ya juya yana gogar sa, ko wanda jijiyoyin jini suka mamaye, ko na yaron da hakiya ta rufe tun yana jariri, sau da yawa dashen ba ya ba da sakamako mai kyau. Shi kansa Zirm ido ɗaya ne cikin biyu ya kama masa. Wanda aka yi wa aikin yana bukatar ɗigon magani da zuwa asibiti na dogon lokaci. Kuɗin dashe ɗaya zai yi wa yara masu yawa rigakafin ƙyanda, ya ba su sinadarin bitamin A, ya hana hakiyar tun ba ta fito ba. Duk wannan gaskiya ne, rigakafi ya fi magani, kuma shi ya kamata ya ci kaso mafi girma na kuɗin gwamnati. Amma rigakafi ba ya amfanar magidancin da ƙaya ta riga ta tsone wa ido bara, ko ɗalibar da koniyarta ta lalace tana tsakiyar karatu. Bayar da koniya kuma ba ya rage ko kwabo daga kuɗin rigakafi, domin mai bayarwa izini kawai ya bari.

Saboda haka hukuncin da na gamsu da shi shi ne, barin wannan izini halal ne kuma sadaka ce, ƙin barinsa ba zunubi ba ne, wanda ya bi malaman da suka hana ba a zarginsa, amma ba shi da damar ya aibanta wanda ya bi waɗanda suka halatta. Ina kira ga Majalisar Malamai da Hukumar Shari'a ta Jihar Kano su zauna da likitocin ido, su ga yadda ake aikin da idonsu, su fitar da matsaya a rubuce da Hausa wadda limamai za su karanta a masallatan Juma'a. Ina kira ga gwamnatin jiha da asibitocin koyarwa su kafa ma'ajiyar ido a Kano bisa tsarin da talaka zai amince da shi. Masu ilimi da wadata na Nassarawa da makamantanta, waɗanda suka fi kowa cin moriyar kyautar mamatan wasu ƙasashe, su ya kamata su fara sa hannu, domin a ga cewa ba idon talaka ake farauta ba. Kai kuma mai karatu, ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa, ka tambayi likitan ido. Idan zuciyarka ta natsu, ka rubuta izininka, ka kafa shaidu, ka sanar da iyalinka tun kana da lafiya, domin ranar da za a bukaci amsar su za a tambaya. Allah ya sa mu dace.